Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hannu a Cinya, Kuɗi na Tafiya

Masu aiko mini da saƙo cewa in shiga labarin aurena na fari, ku ƙara haƙuri. Ba zan tsallake maganar memori ba, ɗan katin nan da ake ajiye inda aka tsaya a gem, domin har gobe ɗan Kawu yana ba da ita a majalisa yadda ransa ya so, ni kuwa na gaji da gyara masa ita baki da baki. Gara ta zauna a rubuce.

Makon jiya na tsaya inda Inna ta cire ni daga wajen ɗinki ta miƙa ni shagon Kawu na Ƙofar Marusa. Lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Shagon gem ne mai talbijin uku da benci biyu, sai ɗan janareta a bayan ƙyaure wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. PlayStation ta farko muke da ita, ta hannu, daga Kano aka sayo. Ƙwallo ce ke ciyar da shagon: mutum biyu su zauna a Winning Eleven, wanda aka ci ya biya, su tashi wasu su zauna. Duk wani gem da ba ƙwallo ba, da lokaci Kawu ke sayar da shi.

A cikin tarkacen faya-fayan da aka haɗo mana da su ne na tsinci Final Fantasy VII, faifai uku a gida ɗaya. Kamfanin Square na Japan ya fitar da shi a 1997, amma sai da ya tsufa a can kafin ya iso mana. Yara ba su so shi ba. Turanci ya yi yawa, faɗan kuma ba na danne-danne ba ne, sai ka jira layinka ya zo sannan ka zaɓi sara ko tsafi ko magani. Wata rana wani yaro daga Rafindaɗi ya biya kuɗin rabin awa ya ce a sa masa. Gem ya buɗe da fim ɗinsa: taurari, yarinya mai kwandon furanni, birnin Midgar, jirgin ƙasa yana shigowa tasha. Yaro ya ɗora hannun gem a cinya ya saki baki. Kawu ya leƙo ta kan tabarau ya ce, "Wannan wane irin wasa ne? Hannu a cinya, kuɗi na tafiya."

Maganar nan ta bi Kawu har kabari, Allah ya jiƙansa. Ya faɗa wa ɗan acaɓan da ke jiran fasinja da inji a kunne. Ya faɗa wa Yaya da ya kama hayar shago a Babbar Kasuwa kaya ba su iso ba. Ni ma ya faɗa mini a gaban mutane lokacin da aka kai kuɗin gaisuwa aka yi ta ja mana rai, amma wannan na gaba ne.

Ni dai na kamu. Bayan isha'i in an rufe, ko da hantsi yara na makaranta, nake zama da ƙaramin ƙamus a gefe. Turancin da nake ci da shi yau, rabinsa a wajen Cloud, jarumin gem ɗin, da abokin tafiyarsa Barret na koya, malaman sakandarenmu su yafe mini.

Abin da Kawu bai taɓa yarda da shi ba, kuma na yi ta yi masa bayani har ya daina saurare, shi ne akwai wurin da dole a karɓe hannun daga gare ka. Ƙarshen faifai na ɗaya Sephiroth, mugun gem ɗin, ya diro daga sama ya soke Aeris, yarinyar nan mai kwandon furanni, tana durƙushe tana addu'a. A jakata akwai Phoenix Down, gashin tsuntsun da ake tayar da wanda ya faɗi a fagen fama, gil 300 kacal a shagunan cikin gem. Na danna duk abin da ke dannuwa. Babu. Cloud ya ɗauke ta ya sa a ruwa, makamin da na saya mata ya tafi da ita, wahalar da na sha ina ƙara mata mataki ta bi iska. Masu sukar gem ɗin har yau suna cewa ha'inci ne: doka ɗaya a wajen faɗa, wata dokar a cikin fim. Na ji su. Amma da an bar ni na jefa mata gashin tsuntsu ta miƙe ta karkaɗe riga, wa zai tuna da ita bayan shekara ashirin? A daren nan hannuna a cinya yake, kuma ban ji an cuce ni ba.

Inda maganar Kawu ta ci ni da yaƙi shi ne Final Fantasy X, na 2001, bayan mun samu PlayStation 2. A nan mutanen Final Fantasy suka fara magana da murya, kuma ba a sa maɓallin tsallake fim ba. Akwai wata mata, Yunalesca, a kangon Zanarkand. Kafin ka taɓa ta sai an yi doguwar muhawara kan addininsu da sadaukar da rai. Karon farko ka ji daɗi. Sai ta rikiɗa sau biyu, a siffa ta uku ta saki Mega Death ta shafe duk wanda bai zama gawa mai tafiya ba, ka koma wajen sebin, inda ka ajiye wasanka na ƙarshe, a sake karanto maka wa'azin daga bismilla. Ga shi an ɗauke wuta, man janareta na ƙonewa, kuma daga aljihuna ake cire shi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa sayen fetur a galan ba. Labari sau ɗaya ake ba mutum. In ka maimaita masa dole, ka mai da shi ɗan kallo a gidan da ya biya don ya yi wasa.

To, memori. Na PlayStation ta farko gida 15 gare shi, guda ɗaya tak muke da shi a shagon, ƙungiyoyin ƙwallon da manyan kwastomomi suka gina sun cinye mafi yawa. Gida ɗaya Kawu ya bar mini. A cikinsa nake kiwon chocobo, tsuntsayen nan da ake hawa a Final Fantasy VII. Wanda bai yi ba ba zai gane ba. Ka kamo na daji, ka ciyar da su ganye mai tsada, ka kai su tsere a Gold Saucer, gidan wasannin cikin gem ɗin, ka haɗa su aure ka samu kore da shuɗi, daga su ka fitar da baƙi, sai a ƙarshe na zinariya, wanda shi kaɗai ke taka teku ya kai ka wani tsibiri da ba ya cikin taswira. A can ake ɗauko Knights of the Round, mayaƙa 13 da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya kowa ya kai sara. Babu intanet a hannunmu. Da takardun da wani ɗan makarantar kimiyya ya bugo mini a kafe na yi aikin nan, damina guda cur.

Na je Daura ɗaurin auren 'yar Gwaggo na kwana biyu. Na dawo na tarar ɗan Kawu ya aro faifan satar lamba, ya cika wa kowa jini da ƙarfi har ƙarshe, ya kashe Sephiroth, ya yi sebin nasa a kan nawa. Tsuntsuna na zinariya, wanda ko sau ɗaya ban kai shi tsibirin ba, ya tafi.

Na kai ƙara. Kawu yana lissafin ciniki, bai ɗago ba ya ce, "Ai ya rage maka aiki. Ba ƙarshen kake nema ba? Ga shi ya kai ka." Inna ta ce, "Haba, taubashinka ne fa, ana fushi da taubashi?" Shi ke nan aka rufe shari'a. Shi ya sa har yau in ya ce shi ya fara gama Final Fantasy a unguwarmu nake cewa eh, kamar yadda mai satar amsa ke fara fita daga ɗakin jarrabawa.

Abin da ke ba ni dariya, wannan mutumin shi ne yanzu malamin daidaito a zaurenmu na WhatsApp. Wai Knights of the Round ya lalata gem, wai bai kamata a ba ɗan wasa makamin da ke gama bos, wato babban abokin gaba, cikin kira ɗaya ko biyu ba. A ƙwallo na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mutum biyu ne, kuɗi a tsakani, shi ya sa a shagonmu in ɗaya ya ɗauki Brazil sai a bar ɗayan ma ya ɗauka, kuma an hana sa Roberto Carlos a gaba saboda gudunsa. Amma gem ɗin da kai kaɗai ne da na'ura, wa aka zalunta in ka yi ƙarfi? Wanda ya yi damina yana kiwon tsuntsu ya cancanci ya tattake kowa. Ladansa ke nan.

Masu gyara don daidaito su suka fi ɓata mini rai. Final Fantasy VIII na 1999 ya sa dodanni suna girma tare da kai. Ka kwana kana faɗa ka hau mataki, su ma sun hau. Dabarar ma ta koma ka ƙi girma, ka tsaya kana zuƙar tsafi daga jikin abokin gaba har ya kai 100 ka liƙa wa ƙarfinka, sannan ka ji tsoron amfani da shi kada ƙarfin ya ragu. Oblivion na 2006 ya fi muni, wanda na buga a kwamfutar ofis shekarun da nake Abuja, shekarun da ba ni da abin faɗa a kansu. Ka zama gwarzo, sai ka tarar ɗan fashin bakin hanya sanye da sulken da ya fi kuɗin duk abin da zai ƙwace a rayuwarsa. A nan hannunka na aiki, gumi na zuba, amma ba inda ka je. Da Kawu na raye da na ce masa ga wanda ya fi hannu a cinya ciwo.

Soyayya kuwa, tun a Gold Saucer muka fara rigimarta. Akwai daren da ɗaya daga cikin abokan tafiya ke ƙwanƙwasa wa Cloud ƙofa su fita yawo. Mun ɗauka ra'ayin yarinyar ne. Ashe lissafi ne a ɓoye: Aeris na farawa da maki 50, Tifa 30, Yuffie 10, Barret ba ko ɗaya, kowace amsa da ka bayar tana ƙarawa ko ragewa. Ban ji haushi ba da na sani, don a lokacin da nake amsawa ban san ana ƙirgawa ba, abin da ke raina na faɗa. Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare, 2009, shi ya fito da ma'aunin fili, kana ganinsa. Morrigan ta tsani halinka, ka taimaki talaka ta yi tsaki maki ya sauka, sai ka miƙa mata sarƙa ko madubin zinariya ya hau. Toshi ke nan, irin na saurayin da ba a so amma aljihunsa ke magana. Ɗan Kawu ya ce shi wannan tsarin ya fi masa, ko ba komai ka san inda kuɗinka ya shiga. Ɗan ubansa ne.

Wanda ya burge ni The Witcher 3 ne, na mutanen Poland, 2015. Geralt na tsakanin Yennefer da Triss. In ka yi wayo ka ce wa kowacce ita kake so, gem ba ya ce maka komai, sai can gaba su haɗa baki su gayyace ka masauki, su yi maka shigo-shigo ba zurfi, ka tashi ba ko ɗaya. Ba kyautar da ke gyara wannan. Kun san wanda abin ya faɗa wa a cikinmu. Ya kira ni da dare yana faɗa, wai da a Katsina ne ai da ya haɗa su biyun ya huta, wai Turawa ba su san maslaha ba. Na ce masa ya nemo faifan satar lamba.

Sai dai gem ɗin nan ba na kunna shi in yara na falo, kuma a nan ne kaɗai nake neman maɓallin tsallakewa ido rufe. Baldur's Gate 3 na 2023 ya sa saitin rufe tsiraici, na yaba, amma duk da haka abokan tafiyarka na cikinsa ba su da kawaici ko kaɗan, ka yi wa mutum kirki sau biyu ya biyo ka shimfiɗa. Mu da muka taso ana aiken ƙanwar yarinya ta kira ta, a tsaya a zaure da tazara, abin yana mana nauyi. Tidus da Yuna na Final Fantasy X sun ɗauki mafi yawan tafiyar kafin soyayyarsu ta fito fili a tafkin Macalania, kuma ba wanda ya tambaye ni zaɓi, amma ita ce soyayyar gem da har yau nake jin ta.

Ranar da aka zo wajen tafkin nan Kawu yana shagon. Ya kalli allo, ya kalle ni, ya ce in kashe kafin liman ya wuce.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka sayar da shagon Inna ba ta sani ba, alhali kuɗin awakinta ne suka sayi talbijin na biyu.