Laraba, hirar Kaisar a tabarmar Kawu

Sanyin bana ya shigo da ƙarfinsa. Babur ya ƙi tashi da safe, sai da yaran maƙwabta suka tura ni har bakin titi. Wurin aiki dai shiru.

Bayan magariba muna zaune wurin Kawu sai ga Auta da littafin sira, an yi musu darasin wasiƙun da Manzon Allah (SAW) ya aika wa sarakuna. Ta ce, "Kawu, Kaisar ɗin nan shi ne Hiraƙal, ko mutum biyu ne?" Kawu ya ce Hiraƙal sunansa, Kaisar sarautarsa, kuma kalmar Larabci ce. Na ce Kawu a gafarce ni, daga Latin Larabawa suka aro ta, kuma da fari ba sarauta ba ce, laƙabin wani gida ne a birnin Rum. Ya sauke tabarau ya dube ni: "To ɗan boko, bismilla."

Na ba su labarin Juliyas Kaisar, jagoran yaƙin da ya mulki Rum. Rumawa sun tsani a kira mutum sarki tun da suka kori sarkinsu na ƙarshe, shi ya sa da 'yan majalisa suka ga take-takensa na neman zama sarki suka daddaɓa masa wuƙa ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin miladiyya. A wasiyyarsa ya mayar da Oktabiyan, jikan 'yar'uwarsa, ɗansa, yaron ya gaji sunan ya kuma kama mulki. Gidan ya ƙare da mutuwar sarki Nero a shekara ta 68 miladiyya, amma duk wanda ya hau bayansa sai ya laƙaba wa kansa Kaisar, dangin iya babu na baba. Daga nan Jamusawa suka samo Kaiza har zuwa 1918, Rashawa suka samo Tsar. Da na ce Muhammadu Alfatih ma ya kira kansa Kaisar na Rum bayan ya ci Kustantiniyya a 1453, Kawu ya yi murmushi ya ce yanzu na zo inda ya sani.

Sai Hajiya ta jefo tambaya daga bakin madafa: to mene ne ma'anarsa? Na ce su kansu Rumawan ba su yi ittifaƙi ba. Wasu sun ce daga yawan suma ne, wasu sun ce giwa wani kakansu ya kashe, Juliyas ma ya buga kuɗi da hoton giwa. Filini kuwa, wani marubucin Rumawa, ya rubuta cewa farka cikin uwa aka yi aka ciro na farkonsu.

Hajiya ta ajiye ludayi. Jibi ne za a yi wa Anti aikin ciro jariri, kowa ya sani, kowa yana kauce wa zancen. Na yi sauri na ce ai mahaifiyar Juliyas, Aureliya, ta rayu har ya haura arba'in. Abin da ban faɗa ba, ba shi aka ciro haka ba, kuma a zamaninsu ba a farka ciki sai uwa ta rasu ko tana gargara. Na san yau ba jiya ba ce, ga allurar kashe zafi, ga ƙarin jini, ga likitocin da kullum aikinsu kenan. Duk da haka tuwon ya ƙi wuce mini.

Asibiti sun ce a tanadi leda biyu ta jini. Yaya ya ba da ɗaya, gobe da sassafe zan je a gwada nawa. Don Allah ku sa ta a addu'a.