Kafin ka rubuta maƙala a kan ƙungiyar mawaƙan da ka sani

Maƙalar farko da na rubuta a Wikipedia ta Turanci a kan wata ƙungiyar mawaƙa ce wadda mai ganganta abokina ne tun muna yara, ni ne kuma nake kula da shafukanta na sada zumunta, ana ɗan sallamata idan an yi wasa. Na buɗe asusu da sunan ƙungiyar, na kwaso tarihinta daga shafinta na Facebook, na kira ta "fitacciya", sannan na ɗora hoton da wani ya ɗauke su ba tare da na nemi izininsa ba. Kafin gari ya waye an goge maƙalar, an cire hoton, an kuma rufe asusun, domin ba a yarda asusu ya ɗauki sunan ƙungiya ko kamfani ba.

Ƙannena, a ranar na ɗauka zaluntata aka yi, tunda ban shirga ƙarya ko ɗaya ba. Sai daga baya na fahimci abin da editoci ke nufi da cin karon muradi. Kundin ilimi yana son a faɗi abin da majiyoyi masu zaman kansu suka faɗa, daɗi da rashinsa, ni kuwa abin da nake so shi ne abokaina su samu masu gayyatarsu wasa. Mutum ɗaya ba zai riƙe waɗannan biyun ya yi adalci ba, kome gaskiyarsa, domin so hana ganin laifi ne. Ban ma lura ba cewa duk madogarar da na kawo daga bakin ƙungiyar ta fito, alhali ma'aunin cancanta ga mawaƙa yana neman irin su cikakken rubutu a jaridun da ba ruwansu da ƙungiyar, ko shigar waƙa jadawalin waƙoƙi na ƙasa, ko kundin waƙoƙi biyu daga babban kamfanin faifai. Yawan mabiya a intanet ba ya cikin lissafin.

Kuskurena na biyu ya fi muni, domin da sanina na yi shi. Bayan wasu shekaru jaridu sun yi rubutu a kansu, wani da ban sani ba ya ƙirƙiri maƙala mai kyau, amma ya sa sakin layi a kan rikicin kuɗin da ya sa mawaƙiyarsu ta fice, kamar yadda wata jarida ta ruwaito. Abokina ya kira ni ransa a ɓace. Na shiga da sabon asusu, ban faɗa wa kowa alaƙata da su ba, na share sakin layin. Aka mayar, na sake sharewa, muka yi ta ja har na ƙetare ƙa'idar da ta hana mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24. Aka dakatar da ni, wani edita kuma ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da alaƙa da ƙungiyar. Na yi gum. Washegari aka liƙa sanarwa a saman maƙalar cewa da alama wani mai gyaranta yana da kusanci da waɗanda ake magana a kansu, sai ya zamana abin da mai karatu ke fara gani ke nan kafin sunan waƙoƙinsu. Shafin tarihin gyara kuwa ba ya mantuwa. Duk sharewar da na yi tana nan da ranarta da lokacinta.

Ashe ɗan kuɗin da nake karɓa ma ya sa ni cikin masu gyara don biya. Tun watan Yuni na 2014 sharuɗɗan amfani na Gidauniyar Wikimedia, wadda ke ɗaukar nauyin Wikipedia, suka wajabta wa irin wannan edita ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda yake yi wa. Editoci ba sa wasa da batun, kuma suna da dalili: a 2015 an rufe asusu 381 a lokaci guda saboda gyaran kuɗi na ɓoye.

Saboda haka, idan kai ɗan ƙungiya ne, ko manajanta, ko ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu, ka rubuta hakan a shafinka na edita a Wikipedia tun kafin a tambaye ka. Kada ka taɓa jikin maƙalar. Ka kai buƙatarka shafin tattaunawa na maƙalar, inda editoci ke shawara a kanta, ka faɗi jimlar da kake so a canza tare da madogararta, ka bar wani ya yanke hukunci. Idan babu maƙalar, ka miƙa daftari a duba. Ka kuma faɗa wa abokanka tun da wuri cewa maƙalar ba mallakarsu ba ce, kuma duk abin da jarida mai inganci ta buga a kansu yana iya shiga.

Haka nake yi yanzu. A buƙatata ta ƙarshe na nemi a gyara shekarar fitowar kundinsu na biyu, a kuma ƙara wata lambar yabo da suka samu. Bayan kwanaki wata edita ta gyara shekarar, ta ƙi sa lambar yabon saboda shafin ƙungiyar ne kaɗai ya ambace ta. Na yi mata godiya, na koma neman jaridar da ta kawo labarin.