Yau na sauya wa kroton ɗina mazauni

Asabar. Da hazo muka tashi, ko duwatsun unguwar Birni ba a hangowa daga ƙofar gida. Ina idar da sallar asuba na leƙa wajen kroton ɗina, ɗan itacen nan na ado, sai ga ganye huɗu a ƙasa. Gabana ya faɗi, don shi ba itacen da ke kaɗe ganye da rani ba ne.

Shekara biyu ke nan da na dasa shi a gindin dogon yaron tsakar gida, saboda na san ranar Afrilu a Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba za ta bar shi da rai ba. Inuwar ta rufa masa asiri, amma ta ƙwace masa ado. Da na sayo shi ganyensa ja ne da ɗorawa kamar atamfar amarya. Yanzu duk tohon da ya yi kore shar yake fitowa. Haka halinsa yake, in haske ya yi masa kaɗan sai launin ya gudu. Ga saiwoyin dogon yaro, duk ruwan da na zuba su ke riga shi sha.

Na jawo tsohuwar randar nan da ta tsage a gindi, na zuba tsakuwa, na bi da rairayi haɗe da ruɓaɓɓen takin awaki. Wajen tono kroton ɗin da ƙasarsa wani reshe ya karye, ruwansa ya ɗigo mini a hannu, na yi maza na wanke don yana sa ƙaiƙayi. Na dasa shi a randar, na girke ta gabas da dogon yaron, inda hantsi zai taɓa shi kafin inuwa ta rufe.

Inna na kan tabarma tana kallona. "Ke ɗiyar nan, garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, abin da ba a miya da shi kike shayarwa?"

Na ce, "Inna, ruwan alwala ne da na wankin shinkafa, ban taɓa na sha ba."

Ta ɗan yi shiru. "To, Allah ya raya miki."

Bayan la'asar na zauna da jiƙaƙƙen tsumma ina goge ƙurar hunturu, ganye ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya. A ƙarƙashin guda biyu na ga siririyar yana da ƙananan jajayen ƙwari, irin masu son busasshiyar iska. Na wanke su tas.

Reshen da ya karye kuwa na soka shi a gwangwanin tumatir, na rufa masa leda, na ajiye bakin ƙofar Inna.