Abin da na gani da na sauya wa tsohuwar kwamfutata faifai da RAM

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ƙirar 2012, mai furosesa Core i5 zubi na uku, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki a kai) giga 4, da faifan ajiya na HDD giga 500. Jikinta garau yake, kibod ɗinta ma ya fi na sababbi da yawa daɗin rubutu, amma nawa ta yi mata katutu. Kowa na kai wa kuka, amsarsa ɗaya ce: ƙara mata RAM.

Kafin in sayi komai sai na buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da kowane sashe ke yi, na shiga sashen Performance, na zuba ido. Furosesa tana zaune abinta, ko rabin ƙarfinta ba ta amfani da shi. RAM takan cika, amma sai na buɗe shafuka da yawa a burauza. Faifan ne ke maƙale a kashi 100 tun daga kunnawa, ko ban taɓa komai ba. Nan na gane inda gizo ke saƙar, na jinkirta maganar RAM, na fara da faifai.

HDD faranti ne mai juyawa, na irin waɗannan kwamfutoci yawanci sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu da ke bin sa yana karatu kamar allurar garmaho. Idan fayil ɗaya ne babba, ba laifi, yana ƙoƙari. Matsalar ita ce Windows ba babban fayil take nema ba in za ta tashi, dubban ƙanana take nema a warwatse, kuma kowanne sai hannun nan ya je ya jira farantin ya juyo da shi. SSD kuwa, wato sabon nau'in faifan da zan sa mata, babu abin da ke motsi a cikinsa, duk inda aka nema nan take yake miƙowa. Shi ya sa ban damu da ko mahaɗar SATA da ake jona faifai a kwamfutar tsohuwa ce mai iyakar kusan megabayit 300 a daƙiƙa ko sabuwa mai ninkin haka ba. Ribar ba a can take ba, tana cikin kawar da jiran.

Wajen saye akwai abin lura. SSD iri-iri ne, kuma siririn nan na M.2 da ake yayi yanzu ba shi da wurin zama a kwamfuta irin tawa. Nawa shi ne SATA mai inci 2.5, siffarsa ɗaya da tsohon faifan. Kaurinsa milimita 7 ne, gurbin kuwa an yi shi ne don mai 9.5, amma da na ɗaure shi a jikin ƙarfen da na kwance daga tsohon, ya zauna daram.

Na kwashe fayilolina zuwa wani faifai na waje tukuna. Ana iya kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabo da manhaja irin Clonezilla, sai dai sabon nawa giga 240 ne, kwafe babba zuwa ƙarami kuma aiki ne mai ciwon kai. Ban da haka, ban ga amfanin kwaso tarkacen shekaru in zuba a sabon wuri ba. Na haɗa filashi mai giga 8 da manhajar da Microsoft ke bayarwa, na ɗora Windows 10 sabuwa fil. Lasisin da kansa ya dawo da na hau intanet, domin a jikin madabod, babban allon cikin kwamfutar, yake ɗaure, ba a faifai ba.

Buɗe kwamfutar ba shi da wuya. Na kashe ta gaba ɗaya, na zare caja, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan na taɓa ƙarfe da hannu saboda lantarkin da jiki ke tarawa. Ƙusoshin na jera su a kan takarda daidai da yadda suke a bayan kwamfutar, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda abin da bai kamata ba.

Bambancin da SSD ya kawo shi kaɗai ya kusa sa ni fasa sayen RAM. Kwamfutar da ake kunnawa a tafi wata hidima ta koma tashi kafin in gyara zama. Amma cikar RAM ɗin nan na nan, kuma duk sanda ta cika, Windows kan kwashe wani abu ta jibge a faifai ta riƙa ɗaukowa. A kan SSD abin da sauƙi, amma ana ji.

Nan ne ake buƙatar karatun tsanaki. Na zaro sandar RAM da ke ciki na karanta takardar jikinta: PC3-12800S, wato DDR3 mai gudun 1600, ƙaramar ta kwamfutar hannu. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya fil 204 gare ta, ɗaya 260. Wanda ya fi yaudara shi ne DDR3 da DDR3L, domin siffarsu ɗaya sak. Ta farko wuta bolt 1.5 take ci, mai L ɗin 1.35. Kwamfutocin hannu masu furosesa zubi na huɗu mai L suke so, tawa kuwa tana karɓar kowacce. Na samo giga 4 mai lamba irin ta ciki, suka zama 8. Sanduna biyu masu girma ɗaya kan yi aiki kafaɗa da kafaɗa, hoto ma yakan ɗan ƙara santsi tunda irin wannan kwamfutar daga RAM take aron abin da take zana hoto da shi. Kuma dole Windows ta zama mai bit 64, mai 32 ba ta amfani da abin da ya haura giga 4.

Sa sandar RAM kuwa a karkace ake yi. A tura har zinaren bakin ya kusa ɓacewa, a danna ƙasa, maƙallan gefe su ce ƙas. Da na kunna, allon ya ɗan jima baƙi kafin ya kawo, abin da ba sabon abu ba ne bayan sauya RAM. Na bar MemTest86 yana gwada ta har gari ya waye, bai ga aibu ba. Wannan gwajin ba na tsallake shi, musamman ga RAM da aka taɓa amfani da ita, don mai lahani ba lallai ta hana kwamfuta tashi ba, sai dai ta riƙa ɓata aiki a ɓoye.

Akwai abin da bai canja ba. Furosesar tana nan ta 2012, in na ce zan tace bidiyo fankarta na kuka kamar da. Batir ma ba ruwansa da wannan gyara. Sannan Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, don haka tawa ba ta cikin lissafi. Na riga na gwada Linux Mint, wani madadin Windows, daga filashi, sauti da Wi-Fi duk sun yi aiki, can za ta koma. Tsohon faifan kuma na sa shi a ɗan akwatin USB, yana riƙe da kwafin fayilolina.