Kwana biyu a Yankari da tambayar mai daji

Daga Mainamaji, ƙofar shiga gandun dajin Yankari, zuwa sansanin baƙi na Wikki tafiyar kimanin kilomita 40 ce, kuma a cikin wannan tafiya ba mu ga gona ba, ba mu ga buhun gawayi a bakin hanya ba, ba mu ga kututturen bishiyar da aka sare ba. Wannan ne abin da ya fara taɓa zuciyata a Yankari, tun kafin in ga ko dabba ɗaya. Na taso a garin da dattawa ke nuna mana fili fetal su ce a nan kurmi yake a da, saboda haka ganin marke da kawo da maje tsaye kafaɗa da kafaɗa har iyakar ganin ido ya sa na yi shiru a cikin mota, ina kallon irin ƙasar da kakannina suka sani.

Gandun dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006. Ya sha sauya hannu, amma iyakarsa ta tsaya, kuma wannan iyaka ce ta sa har yau akwai abin da za a je a gani.

Mun je ne da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna suka ƙafe, namun daji suka dawo bakin kogin Gaji neman ruwa. Da sassafe muka fita a buɗaɗɗiyar mota tare da ma'aikacin gandu, wanda ya yi ta sa direba ya tsaya yana nuna mana sawu a kan rairayi: wannan na ɓauna ne, wancan na gwanki, wannan kuma na mugun dawa. Can sai ya sauka ya tsuguna gaban wani tulin kashin giwa, ya fasa shi da sanda, ya ce na daren jiya ne domin cikinsa bai bushe ba. A gefe kuwa ga wata bishiya an ɓare mata ɓawo tun daga sama da tsayin mutum. Giwayen ba mu gan su ba sai da yamma, su bakwai ne da 'yar ƙarama a tsakiyarsu, suna ratsa hanya a natse, babbar cikinsu ta tsaya ta buɗe kunnuwa tana dubanmu har sai da ta ƙarshe ta shige. Babu wanda ya ce uffan a cikin motar.

Ƙiyasin da ake yi shi ne giwayen Yankari ba su wuce 100 zuwa 150 ba, alhali a da sun ninka haka, kafin masu neman haure su yi musu ɓarna. Duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Zakuna ma 'yan kaɗan ne suka saura, raƙumin dawa kuwa ya ɓace daga dajin ɗungurum.

Da dare na sauka maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, da ɗumin da ba ya sauyawa daga kusan digiri 31, ko da sanyin hunturu ko da zafin bazara. Ina zaune a cikinsa ina ganin yashin ƙasa ta cikin ruwan, sai tunanin hurumi ya faɗo mini. A da a ƙasar Hausa kowane gari yana da huruminsa, yana da makiyaya da burtali, filayen da ba a nomawa kuma ba a sayarwa domin na kowa ne. Addini ma ya zo da haka, domin an ruwaito cewa mutane sun yi tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Ke nan keɓe ƙasa don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Abin da ya shigo daga baya shi ne wannan mummunar fahimta da ke cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, wanda ya riga ya ɗiba ya ci bulus.

Mun ga inda wannan fahimta ta kai mu. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin firgita a duniya. Kamuku da ke Birnin Gwari gandu ne na ƙasa, dajin Rugu a Katsina kuwa makiyaya ce da aka keɓe. Da masu gadi suka yi ƙaranci, aka bar hanyoyin sintiri suka shafe, dazukan ba su zauna babu kowa ba: mai zarto ya shiga ya kwashe madobiya, mai gawayi ya bi bayansa, daga ƙarshe mai bindiga ya kafa sansani, ya wayi gari yana sa wa ƙauyuka haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Wanda bai damu da giwa ba ya kamata ya damu da wannan, domin ma'aikacin da ke bin sawun mafarauci shi ne idon hukuma a wurin da babu wani ido.

Sai dai ba zan yi adalci ba idan na manta da mutanen da ke maƙwabtaka da gandun. Ni na zo na kwana biyu na koma gida da hotuna, amma manomin da garken giwaye ya shiga gonarsa dare ɗaya ya tattake dawar da iyalinsa za su ci shekara, shi ba hoto ya gani ba. Makiyayin da aka nome masa burtali shi ma yana hangen ciyawar Gaji da rani, shanunsa na rama a gabansa. Waɗannan mutane su ke biyan kuɗin kiyaye dajin da muke alfahari da shi, kuma a ganina duk tsarin da bai sa su a gaba ba, ta fuskar aikin yi da diyyar amfanin gona da rijiyoyi da makarantu, ginin toka ne. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS (Wildlife Conservation Society), wadda ta daɗe tana aiki da gwamnatin Bauchi a gandun, ta sanya wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke, kuma an ɗauki mutane daga ƙauyukan da ke kewaye domin su riƙa sanarwa idan garke ya doshi gonaki. Wannan hanya ce mai kyau, kuma ina fatan a faɗaɗa ta.

Ranar da za mu tafi mun leƙa kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da can suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton mafaka ce daga masu kamun bayi. Na sunkuya na shiga ɗaya, na shafa bangon da hannuna, na ji sawun sassaƙar bai goge ba. A bakin wani ɗaki na tsinci ledar ruwa guda uku da wasu baƙi suka yar, na cusa su a aljihu. Na yi niyyar komawa a watan Maris in Allah ya kai mu, wannan karon da 'ya'yana biyu, waɗanda har yanzu a littafin makaranta kawai suka san giwa.