Darussan da na kwaso daga sashen allunan hanya

Oganmu a sashen allunan hanya yana da wata doka da ba a rubuce take ba, amma kowa ya haddace ta: allon da aka riga aka biya ɗan kwangila kuɗinsa ba ya kuskure. In direbobi suna ɓata a gabansa, to su ne ba su iya karatu ba. Yanzu da na miƙa makullin ofis na kama gabana, bakina ya buɗe, zan iya faɗin yadda dokar nan ta ci ni.

Duk wanda ya zauna a sashe irin namu ya san mutanen da muke kira 'yan ƙwaƙƙwafi. Masoya titi ne tsagwaronsa. Yawancinsu ko ƙofar makarantar injiniya ba su taɓa takawa ba: akwai tsohon malamin makaranta, akwai direban tirela da ya ajiye sitiyari, akwai yaron da ko lasin bai yi ba. Mutum zai ƙona mai ya yi tafiyar yini don kawai ya ɗauki hoton gadar sama da ake ginawa, ko ya taka sabuwar kwalta ranar da aka buɗe ta. Ka ba ɗayansu kujera, zai karanto maka yadda Amurka ta jera lambobin manyan hanyoyinta bayan dokar 1956 ta zamanin shugaba Eisenhower: waɗanda suka miƙe gabas da yamma lambarsu tana rabuwa biyu daidai, I-10 a kudu, I-90 a arewa, waɗanda suka miƙe kudu da arewa tasu ba ta rabuwa, I-5 a gaɓar yamma, I-95 a gaɓar gabas. Daga nan sai ransa ya ɓaci, domin ya tuna I-99 ta jihar Pennsylvania, wadda ɗan majalisa Bud Shuster ya cusa lambarta cikin doka a 1995, ta zauna yamma da I-81 alhali lissafi ya ce gabas da I-95 ne muhallinta. Mutumin da bai taɓa zuwa Pennsylvania ba zai yi maganar nan kamar gonarsa aka yanka.

Wasiƙunsu kuwa ba su da linzami. Shafi na farko kan allo ne, na biyu ya koma kan taswirar waya da ke kiran titi da sunan da babu mai amfani da shi, na uku kan sabulun da aka rage wa girma aka bar kwalinsa yadda yake, ko ledar kayan da ba ta buɗuwa sai da almakashi, ko famfon gidan mai da ke yi maka talla kana tsaye ba ka da wurin gudu. Waɗannan shafuka oga yake zaɓa ya karanta da ƙarfi a ofis, a yi ta ƙyaƙyata dariya, sannan a jefa takardar cikin fayil. Ni aka ɗora wa fayil ɗin, saboda ni ne ƙarami. A hankali na gane idon da ya lura sabulu ya rame, shi ne idon da zai lura kibiya ta goce daga kan hannunta. Mu da muke cin albashi a kan aikin, zanen takarda muke kallo, su kuwa titin suke kallo.

Wasiƙar da ta jawo mini ta fito ne daga wani dattijo da ya saba rubuto mana. A kan sabuwar mahaɗa ce, inda hanya ke rabuwa biyu bayan an wuce ƙarƙashin gada. Ya zana wurin da hannunsa, ya ce kibiyar da ke allon sama, wadda ya kamata ta rataya a kan hannun masu fita, tana rataye ne a kan hannun masu miƙewa. Ya ƙara da cewa allon gargaɗi na farko ya ɓuya bayan ginshiƙin gada, ba a ganinsa sai an zo dab da shi. Har shatin burki da ke kan kwalta ya zana.

Na je da rana, na koma da dare. Dattijon bai ƙara gishiri ko kaɗan ba. Abin da ya faru a fili yake: lokacin gini an matsar da layukan fenti saboda ginshiƙin, amma allon an ƙera shi bisa tsohon zane, aka ɗaga shi aka ɗaure, aka tafi. Lissafin kuma ɗan aji ɗaya a aikin nan ya san shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Littattafan tsara hanya suna ba direba daƙiƙa biyu da rabi tsakanin ganin abu da taka burki, wato kimanin mita 70 sun tafi ƙafarsa ba ta motsa ba. Ga allon cike da sunayen garuruwa da zai karanta ya tantance nasa. Kafin ya gane hannun da yake kai ba nasa ba ne, tsinin da ya raba hanyoyin biyu ya iso gabansa, sai dai ya fizgi sitiyari. Shatin burkin da dattijo ya zana ke nan.

Na rubuta rahoto, na haɗa hotuna da awo, na zana gyara: a sauya fuskar allon sama, a dawo da na gargaɗi kafin gada, a rage sunayen. Na kai wa oga hannu da hannu. Ya duba shafin farko, ya cire tabarau.

"Malam, kai ka zana allon nan?"

"A'a, Yallaɓai."

"Sa hannunka ne a takardar kammala aiki?"

"Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe."

"To bar shi a nan. Kuma ka rage biye wa tsofaffin da ba su da aikin yi."

Sa hannun nasa ne. Kowa a sashen ya san bai taka wurin ba ranar da ya sa shi, direbansa ma ya sani.

Damina ba ta ƙare ba wata tirela ta hau tsinin nan cikin dare, ta kwashe shingen ƙarfe, ta kwanta a tsakiyar hanya. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma hanya ta toshe har wayewar gari, hotuna suka bazu, darakta ya kira taro. A gabana oga ya miƙe, cikin natsuwa, ya ce abin takaici ne ƙorafin jama'a ya iso sashen tun da wuri amma jami'in da ke riƙe da fayil bai ɗaga maganar sama ba. Aka buɗe fayil. Wasiƙar dattijo tana nan, ga hatimin ranar da ta iso. Rahotona babu shi. Na ce ina da kwafi a kwamfuta. Darakta ya tambaya ko akwai hatimin karɓa a jikinsa. Takardar da aka miƙa hannu da hannu a ofishin oga ba ta bi ta rajista ba, balle ta samu hatimi. Abokan aikin da suka ga shigata da fitata ranar nan duk suka duƙufa kan takardun gabansu. Ban riƙe su a zuci ba sosai, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Na dai lura.

Takardar tuhuma ta biyo baya, ƙarin girman da nake jira ya tsallake ni. Gyaran kuwa an yi shi cikin gaggawa, kuma zanena ne layi bisa layi, har da wata alamar awo da ni kaɗai nake sa ta haka. Sunan oga ne a ƙasa. A rahoton ƙarshen shekara an yaba wa sashen bisa saurin ɗaukar mataki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A watannin da suka biyo baya na yi ta tuna Richard Ankrom, wani mai zane a Los Angeles, wanda 'yan ƙwaƙƙwafi suka mayar gwarzonsu. Allon da ke kan babbar hanya ta 110 bai nuna wa direbobi ta inda za su kama I-5 mai zuwa arewa ba, mutane suna ta wuce mafitar. A 2001 ya ƙera alamar da ta ɓace da kansa, ya daidaita launi da girman haruffa da na hukuma, ya sa hular kwano da rigar ma'aikata, ya hau ya ɗaura ta. Watanni suka shuɗe hukumar hanyoyin California ba ta ankara ba sai da labarin ya fita a jarida. Ta duba aikin, ta bar shi a wurin har 2009, kuma sabon allon da ta kafa ya zo da bayanin da mutumin ya ƙara. Ba na ce wani ya kwaikwaye shi ba, hawa allon sama ganganci ne kuma laifi ne. Abin da ya tsaya mini shi ne hukumar ba ta ɓata lokaci tana neman wanda za ta ɗora wa kunyar ba.

Manyan hukumomi ma suna lashe amansu, a rubuce kuma. Amurka ta daɗe tana amfani da haruffan Highway Gothic a allunanta. A 2004 hukumar hanyoyi ta tarayya ta ba da izinin wucin gadi ga wasu sababbi, Clearview, bisa cewa sun fi karantuwa da dare. A 2016 ta janye izinin, a 2018 ya dawo. Jihohi sun kashe kuɗi a tsakani, masoya titi sun yi ta cacar baki kan wutsiyar harafi, har yau ba su sasanta ba. A Ingila, da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara allunan manyan hanyoyi a ƙarshen shekarun 1950, sai da aka yi musu da gwaji kafin a yarda a haɗa manya da ƙananan haruffa, domin direba siffar kalma yake kamawa daga nesa kafin ya karanta ta. Allo abu ne da ake gwadawa, a same shi da aibu, a sauke. Oganmu ne kawai ya mayar da rasit hujjar inganci.

Sauran abubuwan da na koya ba su yi mini tsada haka ba. Ruwa ne ke kashe titi, tun zamanin McAdam, tsohon injiniyan hanya ɗan Scotland, aka san haka, saboda haka in aka kira ka duba kwaltar da ta fashe, fara leƙa kwalbati da magudanar ruwa. Gwajin da aka yi a Illinois daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da dama na mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Kar ka ɓata bakinka kan ƙananan motoci. Allon da ka duba da rana kaɗai ba ka duba shi ba. In da hali ka shiga gaban babbar mota da dare, domin idon direbanta ya yi nisa da fitilunsa, hasken da allo ke mayarwa bai kai masa kamar yadda yake kai wa mai ƙaramar mota. In aka sauya wa titi suna, jama'a za su ci gaba da kiran tsohon, ka nemi hanyar da allo zai ɗauki biyun na wani lokaci. Takarda kuma, ko gaisuwa ce, ta bi ta rajista.

Ba na cewa a ɗauki kowace wasiƙa kamar wahayi. Wasu masu rubutowar so suke a sake wa rabin hanyoyin ƙasa lamba don taswira ta yi kyau a ido, ba ruwansu da kuɗin alluna ko masu shagunan da adireshinsu zai sauya. Amma in mutum ya ce maka kibiya ta goce, mota da ma'auni kawai zai ci ka ka je ka gani.

Kafin in tafi dattijon ya sake rubutowa. Ya yi godiya kan gyaran, ga oga ya yi godiyar, tunda sunan da ya gani a jarida ke nan. Sannan ya ce a kan hanyar dai, allon nisa na farko ya ba wani gari kilomita 12, na gabansa, wanda ya fi kusa da garin, ya ba shi 14. Na je na auna, haka abin yake. Na rubuta rahoto, na kai rajista, na tsaya a kan magatakarda sai da ya buga hatimi a nasu da nawa. Oga ya rubuta a gefe da jan biro: a ajiye. Nawa kwafin yana gida.