Tsohuwar da ta ce ni bawanta ne

A 2019 na baro Tibirin Gobir zuwa Yamai don karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, na kama ɗaki a wani gidan haya a Lamorde, can ƙetaren gadar Kennedy. Mai gidan tsohuwa ce Bazabarma, mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganye irin na Zabarmawa, da dambu a ƙofar gida. Da ta ga tsagen fuskata sai ta ce da Hausarta mai gargada: "Bagobiri? Allah ya kawo mini bawa. Ɗauki tsintsiya."

Jinina ya tafasa. Ni da kakannina suka yi yaƙi, a ce mini bawa gaban mata? Wata biyu ban gaishe ta da kyau ba, kuɗin haya ma yaro nake ba ya kai mata. Har na faɗa wa mahaifiyata a waya cewa mutanen nan ba sa ƙaunarmu.

Wanda ya warware mini shi ne Buzun da ke gadi a shagon da ke kusa, mutumin da shi ma na riga na yanke masa hukuncin girman kai saboda rawaninsa ya rufe baki kuma ba ya yawan magana. Ashe kunya ce irin tasu. Wata rana ya miƙo mini shayi, ya ce: "Malam, taubashiyarka ce fa. Zabarmawa da Gobirawa wasa suke, kamar Fulani da Arawa. In ta zage ka, rama. Shirun da kake yi shi ne rashin ladabin." Kunya ta kama ni. A gida na sha jin labarin wannan wasa, amma a baki kawai, don ban taɓa zama da Bazabarme ba. Daga baya ma na ji cewa UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya tun 2014.

Washegari na tsaya gabanta na ce: "Fofo, Inna. Ina haraji na? Ai ku talakawanmu ne." Ta yi dariya har da hawaye, ta cika mini kwano da kopto ba ko dala. Tun daga nan, in wani ya yi mini abin da ban gane ba, nakan nemi ɗan gari in tambaya tukuna, kafin in kai ƙara wurin zuciyata.

A damanar 2020 kogin Isa, wato kogin Kwara, ya fasa madatsar da ke kare unguwarmu cikin dare. Ƙofata tsohuwar ta fara bugawa, tun kafin ta jikokinta da ke ɗakin baya, wai ni baƙo ne, ban san ruwa ba. Muka kwana a wata lakwal, wato makaranta, ni da Buzun muna kwasar kayanta a ka. Da gari ya waye ta dube ni, jiƙe sharkaf da tukunyarta a kaina, ta ce wa matan da ke wurin: "Kun gani? Na ce muku bawana ne."